Kalmomi Bakwai da Ban Shaƙa Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu leƙowa wannan shafi. Ku yi mini uzuri, yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa. Sunana Khairiyya, haifaffiyar Tambuwal, shekarata ashirin da shida, kuma wata tara ke nan cif hancina bai ji ƙamshin komai ba, bai ji warin komai ba. Na san wata za ta taɓe baki ta ce to sai me, mutane na rasa ido ma suna rayuwa. Gaskiyarki, 'yar uwa. Sai dai ni 'yar mai turare ce, kuma ɓoyon da na yi wa wannan lalura shi ne yake neman raba ni da mutumin da nake son aure.

Innarmu ta fi shekara talatin tana haɗa humra da turaren wuta. Amaren Tambuwal da na Kebbe da ƙauyukan da ke tsakani, da wuya ki shiga ɗakin ɗaya ba ki tarar da kwalbar Inna a gaban madubi ba. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da madafarmu, a nan kayan aikin suke: kajiji, sandal, farce, hawi, farin miski, duk a cikin tsofaffin gwangwanayen madara iri ɗaya. Ko ɗaya babu rubutu a jikinsa. Inna takan ce wadda sai ta karanta kafin ta san abin da ke hannunta, ta je ta nemi aikin sakatariya.

A wannan ɗakin muka tashi ni da yayata Na'iya, wadda ta girme ni da shekara biyu. Ita ta tsiro da fitinar. Wata rana Inna ta ce ta miƙo mata "mai ƙamshin nan", sai Na'iya ta riƙe ƙugu ta ce ai duk ɗakin ƙamshi ne, wanne daga ciki? Ta ce Hausa ta yi wa wari gata, ta ba shi ƙarni da ƙauri da zarni da hamami da ɗoyi, shi kuwa ƙamshi an bar shi da riga ɗaya kamar maraya. Tana aji biyar na firamare lokacin. Washegari ta sadaukar da sabon littafin lissafinta, muka fara ƙirƙirar yarenmu.

Yadda muke yi, sai mu rufe ido mu shaƙi abu, kowacce ta faɗi sautin da ya zo bakinta, mu yi ta musu har ɗaya ta gaji. Ƙamshi mai sanyi da laima, irin na sabuwar randa ko na ƙasa in ruwan farko ya sauka, muka ce yelmu. Abin da wuta ta lasa ba ta cinye ba, kamar ƙanzo ko atamfa a ƙarƙashin dutsen guga, shi ne garsu. Tulmi na jikin mai rai ne da bai shafa komai ba, wuyan jariri, cikin ɗankwalin tsohuwa. Su kafur da man zafi, masu soke hanci su bar sanyi a ciki, muka ba su sirhe, don Na'iya ta dage sai kalmar ta sa haƙora sun haɗu yadda fuska ke yi in an shaƙe su. Waɗannan muka kira gidaje, kowane gida da 'ya'yansa. Daddawa ta wahalar da mu mako guda, ta ƙi zama gidan kowa, ƙarshe muka gina mata nata, gumbal, wato abin da ke korar ki daga nesa ya kira ki a cikin miya. Baba ya raɗa wa abin suna Hancanci yana mana dariya. Amma kafin mu gama sakandare, Inna da kanta sai ki ji ta ce, "Wagga humra ta cika garsu, ƙara mata yelmu kaɗan."

Doka ɗaya ce da mu, Na'iya ta rubuta ta da jan biro a shafin farko: kalma ba ta shiga littafi sai hanci biyu sun shaida. Kowace kalma da sa hannu biyu a gefenta. Mun kai ɗari da goma sha uku aka yi wa Na'iya aure a Fakku. Shekara huɗu ke nan da ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Daga ranar littafin ya tsaya, tunda hancin ya rage ɗaya.

Malam Siddiƙ malamin Hausa ne a wata sakandare a Kebbe. Ya zo karɓar turaren bikin ƙanwarsa ne, yana zaune a zaure ya jiyo Inna daga ciki tana ce mini kwalbar ƙarshe ba ta da tulmi. Da na fito da kayan, ko ƙirga kwalaben bai yi ba.

"Ki gafarce ni, wane yare na wanga? Na yi shekara fuɗu ina karatun Hausa, ban taɓa gamuwa da tulmi ba."

"Ba ka gamuwa da shi, Malam. Mutum biyu ad da shi, guda ta rasu."

Ya yi wa Na'iya addu'a, sannan ya nemi lambata a hannun Inna, ba a hannuna ba. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, irin wanda ko a saƙon waya sai ya sa wa ƙ da ɗ ƙugiyarsu. Na sha tsokanarsa cewa har gaisuwar safe sai ya yi mata gyaran jarrabawa. Cikin wata biyu ya haddace gidajen nan kaf. Ranar da ya kawo mini ɗan guntun dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa a rugar kawunsa, muka shaƙa tare muka yi musu har aka kira magariba, na ɗauko littafin na buɗe sabon shafi. Ya sa hannu a inda Na'iya ke sawa. A ranar na san ina son sa, kuma ban ji kunyar kaina ba.

Mako uku bayan nan, a tsakiyar damina, zazzaɓi da mura suka kwantar da ni kwana goma sha ɗaya. Na tashi komai ya dawo ban da hanci. Ina dakan kanumfari na gane. Na sunkuya har hancina na taɓa turmi, shiru. Na ruga na buɗe man zafi, na buɗe kalanzir, na tura fuskata cikin tukunyar daddawa, duk ɗaya da ruwan randa. Na je asibiti ni kaɗai da sunan zan gaida ƙawata. Likita ya ce yakan dawo, yakan kuma ƙi dawowa, in yi haƙuri in yi addu'a.

Me ya hana ni faɗa? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Idon Inna ya fara rauni, rabin aikin ya dawo hannuna. Manema biyu sun zo sun wuce a baya, kuma duk bikin da aka yi a unguwa sai wata ta tambayi Inna ko ni sai yaushe, har Baba ya daina zama majalisar ƙofar masallaci in an taso da zancen aure. Ga Siddiƙ kuma, da nake gani ta ƙofar hancin nan ya shigo. Sai na ce bari in jira mako ɗaya, ƙila ya dawo. Na haddace mazaunin kowane gwangwani, na koma auna komai da cokali. Tuwo kuwa ba na matsawa daga gabansa, kada ya kama ban sani ba. Mako ya zama wata.

Shi kuma bawan Allah bai fasa ba. Sai in ga saƙo ya shigo ana tsakar rana:

"Na samo wani yau a bakin gulbi. Ragar masunta da ta sha rana. Ba ƙarni ba ne zalla, akwai garsu a ciki, kuma akwai wani abu da ban san gidansa ba. Asabar in sha Allahu zan kawo miki yanki."

Ni kuma in mayar: "Allah ya kawo ka lafiya, Malam." In kifa wayar a kan katifa.

Asabar bayan la'asar zan sa doguwar rigar atamfata mai ruwan ganye, in ɗora farin hijabi, in shafa humrar da Inna ta haɗa tun bara don ita kaɗai na amince da ita. In shimfiɗa darduma a zaure, in ajiye zoɓo mai sanyi a jug. Zai shigo da shaddarsa ruwan sararin sama, takalminsa ja wur da ƙasar hanyar Kebbe, ya zaro ƙullin leda daga aljihu yana murmushi.

"Rufe ido. To, mi kij ji?"

"Kai kak kawo shi, Malam, kai ka farawa."

Wannan ce dabarata. Shi zai yi ta bayani, ni ina satar kallon fuskarsa, in ya yamutsa hanci in yamutsa, in ya lumshe ido in lumshe. Wani lokaci har gardama nake yi masa don abin ya yi kama da gaske, in ce a'a, wannan ya fi kusa da yelmu. Sai ya sake shaƙa ya ce, "Wallahi kin fi ni hanci." Daga nan in jefo sauti, ya gyara, mu rubuta, mu sa hannu. Sau bakwai na yi haka. Sau bakwai na sa hannu a littafin yayata a kan abin da ban ji ba, kuma duk ranar da na yi, ba na iya cin abincin dare.

Magana ta yi nisa, manya suka shiga. Aka tsayar cewa kawunnansa za su zo Tambuwal ranar wata Juma'a a sa rana. Inna ta ce kafin nan ya kamata mahaifiyarsa, Hajiya Ni'imatu, ta ga aikin hannuna, in haɗa mata humra ta musamman. Mahaifin Siddiƙ ya rasu shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma ya taɓa gaya mini tun da Hajiya ta fita takaba ba ta sake shafa turare ba, ta ce ranta bai ba ta ba.

A makon ne wata tsohuwa ta rasu a bayan layinmu. Inna tana cikin masu yi wa mata wankan gawa a unguwa, shi ya sa kullum akwai dakakken kafur a ɗakin turare, can ƙasan kanta. Ta ɗiba cikin sauri ta fita, ta mayar da gwangwanin a kantar sama, ta ture na miski gefe. Ga mai hanci wannan ba komai ba ne, tun kafin murfi ya gama buɗewa an san wane ne. Ni kuwa na san miski shi ne na uku daga hagu. Fari ne, gari ne, na zuba cokali uku. Inna tana gidan makoki kwana uku, in ta dawo ita kanta ƙamshin kafur take yi, ɗakin ma haka, ba wanda ya lura. Na toshe kwalbar da leda da zare, na naɗe ta a sabon ƙyalle, na ba direban Kebbe da saƙon kada a buɗe sai ta kwana bakwai ta jiƙu.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu Juma'ar, saƙo ya shigo ba sallama ba gaisuwa:

"Khairiyya, wa ya haɗa humrar Hajiya?"

Kafin in gama karantawa ya kira. Muryarsa a ƙasa take. Ya ce Hajiya ta tara ƙannenta da matan gidan, ta yi wanka ta sa sabon leshi, ta ce yau za ta shafa turaren ɗiyarta. Tana cire zaren, ɗakin ya cika da ƙamshin da ta yi wa mijinta sallama da shi. Ta zauna a ƙasa. Wata daga cikin ƙannen ta ce ai saƙo ne, ana gaya mata ta bi mijinta ta bar wa amarya gida. Kawunnansa sun ce a dakata da zancen Juma'a.

"Na ce musu kuskure na," in ji shi. "Kuma na san ba ke ta ba. Hancinki ba ya yin wanga kuskure ko kina barci. Inna ta, ko?"

Na ce, "Tare munka haɗa."

Ƙarya ta takwas ke nan, ita ko littafi ba ta shiga ba.

Na gaya wa Inna abin da ya faru. Ta tashi ta shiga ɗakin turare, na ji tana buɗe gwangwanaye. Can ta kira ni. Tana tsaye da biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Rufe ido."

Na rufe.

"Wane am miski?"

Na ji sanyin gwangwanin a leɓena na sama, iyakar abin da na ji ke nan. Hawaye suka zubo ta ƙarƙashin fatar idona.

"Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin damina, Inna."

Ta ajiye su a hankali, ta zauna a kan turmi. Na ɗauka faɗa za ta yi, da ma ta yi, da na fi samun sauƙi.

"Wata tara kina cikin ɗakin ga ke ɗai, ni ina nan ban sani ba," ta ce. Ta share ido da gefen zane. "To ji nan. Ni nis sauya ma gwangwani wuri, don haka laifina na. Jibi in tafi Kebbe in ce tsufa na, hannuna na. Ke kuma ki kama bakinki sai an ɗaura."

"Inna, sunanki fa? Wa ka sake sayen humra hannun wadda ta zuba ma surukuwa kafur?"

"Suna ya yi mani shekara talatin, ya isa. Ɗiya guda tar rage mani. In sunka ji ba ki jin wari, cewa za su yi tuwo na ƙonewa kina zaune, yaro na ɓata wando kina goye da shi. Mutane ba su da dama."

Baba da ya dawo daga aiki ya ji, ya goyi bayanta. Ya ce rufin asiri ba ƙarya ba ne, kuma ba kowace gaskiya ake shanyawa a tsakar gida ba. Ya ce in raka Inna saboda idonta da halin hanya, amma in tsaya a zaure, budurwa ba ta shiga gidan surukai kafin aure.

Laraba da sassafe muka shiga mota. Inna ta sa leshinta mai ruwan ƙasa na zuwa biki, ta riƙe sabuwar kwalba da ta haɗa da hannunta a cinya, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ƙara rungume ta. Mun isa Kebbe wajen sha ɗaya, babur biyu suka ƙarasa da mu ƙofar gidan. Na zauna a kan dakalin cikin zaure kamar yadda aka ce, jakata a ƙafa, littafin a ciki don ba na tafiya ba shi.

Gidan ba shi da girma, ana jin komai. Na ji an amsa sallamar Inna a daƙile. Na ji an daɗe ba a kawo ruwa ba. Sannan na ji muryar Inna, matar da amare ke layi a ƙofarta, tana cewa, "Hajiya, na zo in duƙa in ba ki haƙuri. Tsufa ya kama ni, hanci ya mutu, ido ya mutu. Yarinya ba ta san komi ba." Wata murya, ba ta Hajiya ba, ta ce in hanci ya mutu ai sai a bar sana'a, kada a kashe mutane da baƙin ciki. Inna ta ce, "Gaskiya ta. Na bari daga yau."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a ƙofar ɗakin, na cire takalmi na durƙusa. Hajiya tana zaune a bakin gado, siririya, da carbi a hannu. Kwalbata tana tsakiyar tabarma, an ɗaure bakinta da tsumma. Inna kuwa gwiwoyinta biyu a ƙasa, gaban matar da ita Inna ta girme ta da kusan shekara goma.

"Hajiya, ku gafarce ni da shigowa. Ba Inna ta ba. Ni nih haɗa, ni ɗai. Hancin da yam mutu nawa na, wata tara ke nan. Ban gaya ma kowa ba."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Hajiya ta dube ni, ta ce in matso. Ta kama haɓata ta ɗaga, tana duban hancin kamar za ta ga ciwon da ido.

"Ko kaɗan ba ki ji?"

"Ko kaɗan, Hajiya."

"Allah sarki. Ɗiyar mai turare." Ta saki haɓata ta juya ga ƙanwarta. "Kun ji saƙon da anka aiko mani. Lalura ba laifi ta ba. Tashe ta. Inna, don Allah tashi, kin girme ni." Ta sa aka kawo ruwa da fura. Ta karɓi sabuwar kwalbar ta buɗe a gabanmu, ta ɗiga a bayan hannu ta shafa a wuya. Ta ce ita dai a wurinta Juma'a tana nan, in mai abin ya yarda.

'Yan uwa, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Har na fara cewa a raina ashe abin da na yi wata tara ina gudu bai kai ya kawo ba. Da na juyo zan fita, sai na ga takalmi ja wur a bakin ƙofa. Ashe ina shiga ɗakin Siddiƙ ya dawo daga makaranta, yana tsaye da alli a hannun rigarsa, ya ji komai.

A zaure muka tsaya. Bai zauna ba, ni ma ban zauna ba.

"Sannu da jiki," ya fara cewa. "Kin ga likita?"

"Na gani."

"Allah ya ba ki lafiya. Littafin na nan?"

Na ciro na miƙa masa. Ya buɗe shafukan ƙarshe, inda kalmomi takwas suke da sa hannuna da nasa.

"Wace kij ji cikinsu?"

"Ta farko. Ta dangwali."

Ya gyaɗa kai. Yatsansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ragar masunta, ƙasar gindin rumbu, allon da aka wanke, har ya tsaya a kan ta ƙarshe.

Akwai abin da na tsallake ban gaya muku ba, don hannuna ya ƙi rubuta shi a inda ya kamata. Abu na ƙarshe da Siddiƙ ya kawo mini, wata biyu da suka wuce, hular mahaifinsa ce. Wadda ya cire ya rataye ranar da aka kai shi asibiti. Siddiƙ ya adana ta cikin leda biyu a ƙasan akwati, ko Hajiya ba ta san tana wurinsa ba. Ya ce yakan buɗe kaɗan in kewa ta dame shi, ya yi maza ya rufe. Ya ce yana so ƙamshin Babansa ya samu suna kafin ya tafi, kuma ba shi da wanda zai shaida masa sai ni. Na karɓa da hannu biyu na kai fuskata. Na yi kuka sosai ranar. Muka sa masa suna tulbar, ɗa a gidan tulmi, muka sa hannu.

"Kin yi kuka rannan," ya ce, idonsa a kan shafin.

"Na yi."

"Kukan mi?"

Ƙarya ta tara tana bakina a shirye, mai sauƙi, mai daɗin ji. Da na ce tausayinsa ne, da ya karɓa. Amma na gaji.

"Ina da mayafin Na'iya cikin leda, kamar yadda kaka da hular Baba. Tun damina nika buɗe shi ban jin ta. Da nir riƙa hular, shi nit tuna. Nawa nika ma kuka, Malam, ba naka ba."

Ya rufe ido. Ya zaro jan biron da yake gyaran jarrabawa da shi daga aljihun gaba, ya miƙo mini tare da littafin.

"Dokar ba tawa ta ba, ta yayarki ta. Hanci guda yash shaida su."

Na ɗora littafin a kan dakali na durƙusa. Na soke bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan tulbar na tsaya na ɗago na dube shi, ko zai ce a bar wannan. Bai ce ba. Na ja layi a kanta.

"Juma'a fa, Malam?"

Ya karɓi bironsa ya mayar aljihu. Yana kallon ƙofar gida ya yi magana, kuma ba faɗa a muryarsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Da kin ce mani ba ki ji, da na zama hancinki har ƙarshen rayuwa, wanga ba komi na ba. Amma kin san hular ta rage ƙamshi tun rannan? Ban taɓa barin ledar buɗe haka ba. Na bar ta ta daɗe hannunki don nika so ki ji shi sosai."

Ya shige cikin gida. Bai raka mu tasha ba.

Yau Alhamis, la'asar ta wuce. Baba ya sayo goro, Inna ta sa na share zaure na shimfiɗa sababbin tabarmi, ba wanda ya san ko akwai mai zama a kansu gobe. Na tura masa saƙo tun safe, kalma uku: "Ka yafe mini." Waya ta nuna ya karanta da ƙarfe tara da minti shida. Abin da na ci masa ba ni da inda zan samo in mayar, ko duk gwangwanayen Inna zan juye.